Play Store ko shafin intanet: ina ya kamata mu ajiye manhajojinmu?

Abba_KofarKaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana da ma waɗanda ba masana ba. Na kammala wata ƙaramar manhaja da ke nuna farashin hatsi a kasuwannin jiharmu ta Katsina, irin su Ɗandume, Bakori, Charanchi da Mai'aduwa. Masara, gero, dawa, wake da shinkafa. Akwai mutanen da suka yarda za su riƙa turo mini farashi duk ranar kasuwa. Yanzu inda na tsaya shi ne: in ɗora ta a Play Store, ko in mayar da ita shafin intanet wanda kowa zai buɗe da burauza ba tare da ya sauke komai ba? Play Store na buƙatar dala 25 kuɗin rajista, sannan sabon asusu na mutum ɗaya sai ya samo mutum 12 sun gwada manhajar kwana 14 a jere kafin a ba shi damar sakinta ga jama'a. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga shafi, kuma ina ganin nan da wasu shekaru waɗannan rumbunan manhajoji za su rage ƙarfi. Amma ina son in ji ta bakinku.

Sani_MaiGyaranWaya:
Wa alaikumus salam. Abba, Allah shi yi albarka. Ni kullum wayoyin mutane ke hannuna, don haka bari in faɗa maka abin da nike gani. Mafi yawan masu kawo mani gyara itel ne da Tecno da Infinix, kuma kukan kowa ɗaya ne: memori ya cika. Sai ka ga mutum yana goge hotunan bikin ɗiyarshi don ya samu wurin sabunta manhajar banki. Wanda ke cikin wannan hali ba zai sauke sabuwar manhaja don farashin gero ba. Yi shafi.

MamanHanifa:
Malam Sani gaskiyarka ta wannan gefen, amma ni ina da tsoro. Mu da muke sana'a a waya an sha gargaɗinmu kada mu danna duk wani adireshi da aka turo. Kullum sai an turo na tallafin gwamnati, na kyautar data, na ɗaukar aiki, kuma duk na 'yan damfara ne. Wata maƙwabciyata ta danna irin wannan, aka ce ta sa BVN da lambar da za a turo mata, kafin magariba an kwashe ɗan jarinta na sayar da atamfa. Yanzu in aka turo mini adireshin Abba a WhatsApp, ta yaya zan bambance shi da nasu? Abin da na gani a Play Store ko ba komai na san wani ya duba shi.

Injiniya_Dutsinma:
Abba, tambayarka ta fi yadda kake zato tsufa. Lokacin da iPhone ta fito a 2007 babu rumbun manhajoji a cikinta. Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na lokacin, da kansa ya ce wa masu ƙirƙira su yi manhajojinsu a matsayin shafuka da za a buɗe da burauzar Safari. Sai a Yulin 2008 aka buɗe App Store, Google kuma ya biyo baya da Android Market a Oktoban shekarar, wanda ya koma Google Play a 2012. Daga nan ne aka kafa tsarin da muka taso muka tarar: kamfani biyu, Apple da Google, ke riƙe da ƙofa, su ke cewa wannan ta shiga wannan kada ta shiga, kuma su ɗauki kashi 30 cikin ɗari na cinikin da aka yi a cikin manhaja.

Shi kuwa yanar gizo ba haka aka gina shi ba. Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shi a cibiyar bincike ta CERN, kuma a 1993 cibiyar ta sake shi kyauta ga duniya. Ba ka neman izinin kowa kafin ka buɗe shafi. In ka ga kuskure a farashin wake da safe, ka gyara, wanda ya buɗe bayan minti ɗaya gyararren zai gani. A rumbu kuwa, in gyaran ya shafi ita kanta manhajar, sai ka tura sabuwa, ka jira a duba, sannan ka jira mutane su ga damar sabuntawa, wasu kuma ba za su taɓa yi ba.

Akwai abin da ake kira PWA, sunan ya fito tun 2015. Shafi ne, amma burauza na ba mutum damar ajiye tambarinsa a fuskar waya kamar kowace manhaja, yana iya turo sanarwa, kuma yana ajiye abin da aka riga aka buɗe don a gani ko babu sabis. Twitter ya yi irinsa a 2017, Twitter Lite, musamman don ƙasashen da data ke da tsada. Don aiki irin naka, wanda rubutu ne da lambobi, ban ga abin da manhajar rumbu za ta yi wanda wannan ba zai yi ba.

Ɗan_Kusugu:
Kashi 30? Wato in Abba ya haɗa mai saye da mai sayarwa aka yi cinikin buhu ɗari, Google zai ɗauki kuɗin buhu talatin? Wannan ai zalunci ne.

Injiniya_Dutsinma:
A'a Ɗan_Kusugu, ba haka ba ne. Kason yana kan abin da ake saya a yi amfani da shi cikin waya ne kawai, kamar biyan kuɗin shiga wani sashe na manhaja ko sayen kaya a cikin wasa. Hatsi, takalmi, abinci, kuɗin mota, duk ba su ciki. Kuma tun 2021 kamfanonin biyu sun rage wa ƙananan masu ƙirƙira zuwa kashi 15, matuƙar cinikin bai wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba. Sai dai in wata rana Abba ya ce 'yan kasuwa su riƙa biyan wani abu duk wata don samun farashi da wuri, to nan kason zai hau kansa.

Malama_Rabi:
Ina tare da Maman Hanifa a batun tsoro, amma kada mu ɗauka duk abin da ke rumbu tsarkakakke ne. Kun manta manhajojin bashi? Ai ba a WhatsApp mutane suka same su ba. Ƙanin mijina ya ci bashin kuɗi kaɗan a wata manhaja, da ya yi jinkirin biya sai suka tura saƙo ga duk lambobin da ke wayarsa, har da surukansa da limamin unguwarsu, suna kiransa ɓarawo. Yaron nan ya daɗe ba ya iya fita masallaci. Sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, daga baya a 2023 aka hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane. Kafin nan an tozarta bayin Allah da yawa.

Abin da nake so a lura da shi, manhajar da ka sauke tana zaune cikin wayarka, da zarar ka danna amincewa tana iya kwashe lambobinka gaba ɗaya. Shafi ba ya samun wannan damar haka kawai. Shi ɗan damfaran shafi sai ka ba shi da hannunka.

MamanHanifa:
Haka ne Malama, Allah ya kyauta. Amma ai ita ma maƙwabciyar tawa da hannunta ta bayar. Wanda bai sani ba, duk ɗaya ne a wurinsa.

Umar_Batsari:
Ku da ke cikin birni kuna magana kamar kullum akwai sabis. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da tamu. Watanni muka yi. In kana son kiran wani sai ka shiga mota ka nufo Katsina. A lokacin nan abin da ya amfane mu shi ne abin da ke cikin wayar tun farko. Wani ya shigo birni ya sauko da manhajar Alƙur'ani, ko ta lokutan salla, ko karatun malamai, ya dawo a tura wa juna da Xender. Babu data, babu sabis, waya da waya kawai. Injiniya, ka ce shafin nan na aiki ko babu sabis. To ina iya tura ma maƙwabcina shi ta Xender?

Injiniya_Dutsinma:
Ba za ka iya ba, Malam Umar. Dole kowace waya ta buɗe shi da sabis karon farko. Wannan rauni ne na gaske. Sai dai ka lura, abin da ka kwatanta ba Play Store ba ne kuma ba shafi ba ne, hanya ce ta uku: fayil ɗin APK, wato fayil ɗin da ake sa manhaja a wayar Android da shi, da ke yawo hannu da hannu. Kuma ga manhajar farashi, ko ka tura ta, in babu sabis farashin makon jiya za ta nuna.

Sani_MaiGyaranWaya:
Hanyar nan ta uku ita ce babbar hanya a nan ai. Mutum ya sayi sabuwar waya, kafin ya bar kasuwa ya miƙa ma masu turi, a cika mashi da manhajoji da waƙoƙi da finafinai. Wasu ko adireshin Gmail ba su sani ba, yaron shago ne ya buɗe masu, ya rubuta lambar sirri a bayan kwalin waya, kwalin kuma ya ɓace. Amma ni ne ke ganin ƙarshen abin. Ana kawo mani waya tana zafi kamar an ɗora ta bisa garwashi, talla na faɗowa ko kira kake, batir ba ya kai azahar. In na bincika sai in tarar da wata manhajar hira ta jabu wadda aka yi ma kwaskwarima, ko wani wasa da aka turo mashi. Ba wanda ya san wa ya taɓa fayil ɗin kafin ya iso.

Zee_UMYU:
Ita ma wannan hanyar ana shirin sa mata ƙofa. A Agustan 2025 Google ya sanar cewa manhajar da za a sa a wayoyin Android masu rajista, ko ba daga Play Store ta fito ba, sai wanda ya ƙirƙire ta ya tabbatar musu da ko shi wane ne. Sun ce za a fara da Brazil, Indonesiya, Singafo da Tailan a Satumbar 2026, sauran duniya daga 2027. Dalilinsu shi ne irin abin da Malam Sani ya faɗa. Masu rumbun F-Droid, wanda ke raba manhajoji na kyauta tun 2010, sun fito sun ce wannan barazana ce gare su. Ni abin da ya dame ni, ɗalibi irina da ya haɗa ƙaramar manhaja don 'yan ajinsu, shi ma sai ya nemi yardar wani kamfani a Amurka?

BabaMalumfashi:
'Ya'yana, ni ba masanin waɗannan abubuwa ba ne, amma na yi shekaru ina kasuwanci kafin ƙafa ta hana ni. Wanda ya kama rumfa a cikin kasuwa yana biyan haraji, yana bin dokar sarkin kasuwa, ran da aka ga dama a ce ya tashi. Amma masu saye na zuwa da ƙafarsu. Wanda ya buɗe shago a ƙofar gidansa ba mai tashinsa, sai dai shi zai nemo masu saye da kansa. Ka tambayi kanka, Abba, su wa za su yi amfani da abin nan, kuma ta ina za su ji labarinsa. Manomin Ɗandume ba zai shiga wani rumbu yana bincike ba. Ɗansa ne zai nuna masa, ko ya ji a rediyo.

Abba_KofarKaura:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiya waɗanda na sa a gaba dillalai ne da manoma da masu sayen hatsi su ajiye, kuma kusan dukkansu ta WhatsApp zan same su.

Nura_Jibiya:
To ai ka ba kanka amsa. Amma ni ban yarda da maganarka ta farko ba, cewa rumbunan za su rage ƙarfi. Tun yaushe ake faɗar haka? Duba wayarka yanzu. Banki, OPay, Moniepoint, WhatsApp, TikTok, duk daga ina ka samo su? Huawei babban kamfani ne, amma da Amurka ta sa masa takunkumi a 2019 sababbin wayoyinsa suka rasa Play Store, nan da nan mutane a wajen China suka ja baya da sayensu, duk da ya yi nasa AppGallery. Wayoyin Tecno ma suna zuwa da Palm Store a ciki, amma wa ka ji yana cewa a nemi manhajarsa a can?

Injiniya_Dutsinma:
Nura, ƙarfinsu na nan, amma ba kamar da ba. A Agustan 2020 an cire wasan Fortnite daga rumbunan biyu saboda kamfanin Epic mai wasan ya sa hanyar biyan kuɗi tasa, aka tafi kotu. A Disambar 2023 masu taimaka wa alƙali a Amurka suka yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba a harkar Play Store. A Turai kuma doka ta tilasta wa Apple, tun Maris ɗin 2024, ya bar wasu rumbunan su shiga iPhone. Shekaru goma da suka wuce ba wanda zai yarda hakan zai faru.

Nura_Jibiya:
A Turai ka ce. Dokarsu ta tsaya kan iyakarsu. Mai iPhone a Katsina har gobe rumbu ɗaya gare shi. Su suna da kasuwar da kamfanonin ke tsoron rasawa, shi ya sa aka saurare su. Mu wa ke magana da yawunmu a wannan zance?

Zee_UMYU:
Kuma kada mu ɗauka shi yanar gizon ba shi da masu riƙe da shi. Chrome na Google ne. Edge da Opera da burauzar Samsung duk a kan injin Chromium aka gina su. A iPhone kuwa, a nan ƙasar, kowace burauza da injin Apple take aiki, shi ya sa sai a 2023 shafuka suka fara iya turo sanarwa a can. Sannan gwamnati ma na iya rufewa. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 da aka dakatar da Twitter a Najeriya, da manhajar da shafin duk sun daina buɗewa sai da VPN.

Injiniya_Dutsinma:
Duk gaskiya ne Zee. Bambancin da nake gani shi ne, ƙa'idojin yanar gizo a rubuce suke a fili, kowa na iya karantawa ya yi aiki da su, kuma mai burauza ba ya duba shafinka kafin ya fito. In Abba ya yi rajistar adireshinsa, ko da na .ng ne a wurin NiRA mai kula da adiresoshin intanet na Najeriya, nasa ne muddin yana biyan kuɗin shekara. In kamfanin da ke ajiye masa shafin ya ɓata masa, ya kwashe ya koma wani, adireshin bai canza ba, mutanensa ba za su ma san an yi ba. Wanda aka rufe wa asusu a rumbu kuwa ya rasa hanyar kai wa mutanensa sabuntawa.

Ɗan_Kusugu:
Ni akwai abin da ban ji kowa ya ambata ba. A 2024 lokacin da matasa suka rufta haƙar Hamster Kombat, nan Daura har masu shayi suna danne-danne, wa ya sauke shi daga Play Store? A cikin Telegram yake buɗewa. Ban ce abin ya yi wa mutane daɗi a ƙarshe ba, da yawa sun ƙona data da lokaci a banza. Amma ya nuna mutanenmu za su yi amfani da abin da ba su sauke ba, in dai ya zo musu ta inda suka saba zama.

Zee_UMYU:
Sosai. Kuma waɗancan ƙananan manhajojin na Telegram shafuka ne a zahiri, aka lulluɓe su. A China tun 2017 WeChat ke da irinsu, mutum ya biya kuɗi, ya kira mota, ya sayi abinci bai fita daga manhaja ɗaya ba. Sai dai in can muka dosa, an sauya mai riƙe da ƙofar ne kawai.

Malama_Rabi:
Mun yi nisa da tambayar yaron nan. Abba, ko rumbu ko shafi, ka tuna da yawan waɗanda kake so su amfana ba sa karanta boko sosai. Ka sa hoton masara kusa da farashinta, lambobin su fito manya. In da hali ka sa murya, mutum ya danna ya ji an ce buhun gero kaza a Mai'aduwa. Ɗalibaina mata na makarantar dare duk da saƙon murya suke harkokinsu. Kuma a sa ranar da aka ɗauki farashin a sama ƙarara, kada wani ya ɗauko kaya daga ƙauye bisa tsohon farashi ya yi asara.

Sani_MaiGyaranWaya:
Ƙari bisa maganar Malama: ka gwada shi da Opera Mini. Mutane da yawa da ita suke shiga intanet saboda tana tsimin data, balle tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025. In an sa ta a matsanancin tsimi, shafi mai kwalliya da yawa wargajewa yake, kuma waccan ajiyar ta ko babu sabis da Injiniya ya faɗa ba ta aiki a nan. Kawo shi shago mu buɗe a ƙananan wayoyin da ke wurina, ka gani da idonka.

MamanHanifa:
Ni dai har yanzu ba a amsa mini ba. Ta yaya zan san adireshin na Abba ne? Gobe wani zai kwaikwayi shafin, ya canza harafi ɗaya, ya ce a sa lambar asusu don a shiga.

Injiniya_Dutsinma:
Hajiya, babu amsar da za ta rufe wannan ƙofar gaba ɗaya, kuma a rumbu ma ana samun manhajojin kwaikwayo masu suna kusan iri ɗaya. Abin da zai iya yi: adireshi gajere da Hausa wanda za a iya faɗa da baki a haddace, kada shafin ya nemi lambar asusu ko BVN ko kalmar sirri ko kaɗan, kuma a rubuta hakan a samansa. Sannan ya bi ta shugabannin 'yan hatsi a kowace kasuwa, su ne za su ce wannan namu ne. Ai shafin JAMB da na NYSC ma shafuka ne, kuma yaranmu sun san na gaske saboda an yi ta nanata musu.

Nura_Jibiya:
Ko kuma ya yi duka biyun. Ana iya naɗe shafin a ɗora shi a Play Store a matsayin manhaja, aiki ɗaya ne. Mutum 12 masu gwaji kuwa, ai mun kusa kai haka a nan. Ni na ɗaya.

Umar_Batsari:
Ni na biyu, amma da sharaɗin a sa kasuwar Batsari.

Abba_KofarKaura:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan fara da shafin saboda shi ne a hannuna yanzu, Malam Sani kuma ina nan tafe da shi ranar Asabar in sha Allah. Batun naɗe shi a kai rumbu ban yanke ba tukuna, don har yanzu ina ganin in kowa ya ci gaba da kai nasa can, ba ranar da mutane za su saba da buɗe shafi. Malam Umar, in ka samo mini amintaccen mutum da zai riƙa turo farashi ranar kasuwa, Batsari ta shiga.

MamanHanifa:
In ya shiga Play Store ku sanar da ni, zan sauke. Kafin nan sai dai in Malam Sani ne ya buɗe mini shi da hannunsa. Kuma Abba, a ƙara da farashin gyaɗa da manja, mu masu ƙuli da abincin sayarwa su muka fi bi.